Akwati Goma Sha Huɗu Marasa Suna

Ranar Talata da hantsi, saura kwana uku guguwa ta sauka a garin Cairns da ke bakin teku, wata tsohuwa makauniya ta hau benen ofishinsu Narelle Buhagiar, baƙin karen jagora a gabanta. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon soya kifi da dankali, kuma duk wanda ya shigo sai ya yamutse fuska saboda ƙaurin tsohon mai da ke ratsowa ta katako. Tsohuwar ma ta yamutse tata.

"Sunana Glenys Thorburn," ta ce. "Wa ya gina fom ɗin ƙaramar hukuma na waɗanda za a kwasa kafin guguwa?"

Dougal, mai kamfanin, ya miƙe da murmushin nan nasa na tarbar masu kwangila. "Mu ne, madam. Har lambar yabo ya ci."

"To zauna ka ji lambar yabonka."

Ta ajiye wayarta a teburin Narelle, ta ƙara mata sauti, ta goga yatsa. Muryar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo ta ce, "Akwati." Ta sake gogawa. "Akwati." Haka ta yi ta yi har sau goma sha huɗu, babu wanda ya faɗi abin da yake so a rubuta a cikinsa.

"Wanne ne na adireshi?" in ji Glenys. "Wanne ne na lambar waya? Jiya na kira ƙaramar hukuma, wani ya ce in cika a yanar gizo, ranar Alhamis za a rufe. Gidana ruwa na shiga har gwiwa. In sunana bai shiga ba, motar kwasar mutane ba za ta tsaya a ƙofata ba."

Narelle ta buɗe fom ɗin a kwamfutarta. Ga mai ido, tsaf yake: kowane akwati da ɗan rubutu mai ruwan toka a cikinsa, wanda ke ɓacewa da zarar an fara rubutu. Amma a samansa babu komai. Wannan ya ba ta mamaki, domin tsarin da suke gina shafuka a kansa shi da kansa yake manna wa kowane akwati sunansa, ba sai an roƙe shi ba. Kafin suna ya ɓace, sai wani ya sa hannu ya hana.

Ta fara da zargin sabon zubin tsarin da suka saka watan jiya. Ta koma tsohon, sunayen ba su dawo ba. Ta duba fayil ɗin kalmomi ko an goge su, ta same su reras: suna, adireshi, magani, keken guragu, dabba. Ta duba ko launi ne ya ɓoye su. Ba launi ba ne, ba a ma aiko su daga tushe ba. Daga nan ta gangara cikin saitin fom ɗin, can ƙasa ta tarar da layi ɗaya tak da ke cewa kada a nuna suna.

"Dougal, kai ka kashe sunayen?"

"Sun cika shafin da hayaniya," ya ce, ko kunya babu. "Yanzu ba a yayin wannan. Dubi yadda ya yi fes."

Narelle ta ƙura masa ido. Mutumin nan, da gajeren wandonsa da silifa, zai iya ɓata sa'a guda yana zaɓar launin maɓalli, amma bai taɓa rufe ido ya gwada abin da ya zana ba. Ya cire sunan akwatin magani don shafi ya yi kyau a hoto! Ta ji kamar ta kwarara masa sauran kofinta a ka.

"Ai fitila kore take," ya ƙara, yana nuna saman kanta. "Da akwai matsala da ta faɗa."

Nan ya yi gaskiya. A saman kanta akwai wata fitila da suka haɗa da manhajar da ke duba aikinsu. In komai daidai, kore. In an sami akwati marar suna, ja. Kuma dokar ofishin tun kafuwarsa ita ce, ranar Juma'a ƙarfe huɗu, ba a buɗe firjin giya sai fitila ta yi kore. To yaya aka yi akwati goma sha huɗu suka rasa suna, fitila ba ta ce uffan ba?

Ta ci gaba da tono. A wani ƙaramin fayil ta ga dabarar. Wani ya bai wa kowane akwati ɓoyayyen suna, wanda ido ba ya gani amma manhajar dubawa na gani, kuma duka sunan ɗaya ne: akwati. Ita manhaja ba ruwanta da ma'ana, ta ga suna, ta yi shiru. Wannan ya fi aikin Dougal ƙazanta. Shi jahilci ne ya ɗebe shi. Wanda ya rubuta wannan kuwa ya san makafi na nan, ya san abin da fitila ke kuka a kai, ya toshe mata baki.

"Wane ɗan iska ne..." ta fara, tana buɗe tarihin fayil ɗin, inda kowane gyara ke ɗauke da sunan mai shi da ranar da ya yi.

Sunanta ne. Juma'a, shekara biyu da suka wuce, ƙarfe huɗu saura minti takwas. Har da ɗan bayanin da ta bari da hannunta: "Don fitila ta yi kore. A gyara Litinin."

Ta tuna ranar sarai. Zafi, Dougal na kaɗa makullin firji a yatsa yana cewa, "Haba mutuniyar, maƙogwaro ya bushe." Ta tuna har yadda ta ji daɗin wayonta.

"Kin yi shiru, 'yar nan," in ji Glenys. "Ba na gani, amma ina jin shiru."

"Ni ce," Narelle ta ce. Ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Dougal ya fara cewa ai kowa na yin irin wannan, Glenys ta ce masa ya je ya nemo wa karenta ruwa.

Narelle ta goge layin Dougal, ta goge fayil ɗinta, ta gwada, ta tura gyaran yanar gizo. Glenys ta goga yatsa. "Cikakken suna," in ji wayar. "Adireshin gida." Ta cika akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta aika, saƙo ya shigo cewa an karɓa.

"Minti nawa gyaran ya ci?"

"Sha ɗaya."

"Hmm."

Amma Narelle ba ta tsaya nan ba, don ta san ba Glenys kaɗai ta taɓa lalube a fom ɗin nan ba. Ta zaro duk waɗanda aka cika a karkace, lambar waya a wurin magani, sunan kare a wurin unguwa. Ashirin da uku. Ta ce za ta kira su yau, ta miƙa wa ƙaramar hukuma kafin Alhamis. Ashirin da biyu akwai lamba a wani wuri. Ɗaya babu, na bara ne, kafin ambaliyar da aka yi a lokacin. Mutumin ya rubuta sunansa a akwati uku a jere, a na ƙarshe ya ce: "Ban san abin da ake tambaya ba. Ni kaɗai nake a gida."

"Karanta min sunan," in ji Glenys.

"Mervyn Tolhurst."

Tsohuwar ta jima tana shafa kunnen karenta. "Merv. Tare muke wasan mirgina ƙwallo na makafi ranar Laraba. Kwana biyu ya yi a kan teburin kicin bara, ruwa ya cika gidan, yana jiran mota. Bayan nan 'ya'yansa suka ce wanda ya kasa cika fom bai kamata ya zauna shi kaɗai ba. Bai yi musu ba. Ya ce lallai kansa ne ya fara tafiya. Suka sayar da gidan, yanzu yana gidan tsofaffi a garin Mareeba."

Narelle ta kasa ɗaga ido daga allon. A saman kanta fitila na nan kore, kamar yadda take shekara biyu.

Glenys ta lalubo wayarta, ta faɗa wa wayar sunan Merv, kira ya fara shiga. Ta turo ta kan tebur har ta taɓa hannun Narelle.

"Kunnensa ɗaya ya yi nauyi," ta ce. "Ki ɗaga murya. Ki fara da cewa kansa lafiya lau."