Falankin da Ya Raba Shagon Tela

Ranar da kafinta ya shigo layinmu da falankaye a ka, ya tsaga shagon Tela gida biyu, duk wanda ke da ido ya ce aure ya mutu. Ina zaune a ƙofar gidana, daidai saitin shagon, na ga Tela ya ja kekensa zuwa ɓangaren hagu, matarsa ta kwashe zare da maɓallai da zif da bandiran yadi ta jera a dama. Mai wanki ya rantse ya ji suna faɗa tun makon jiya. Mai kemis ya ce ba faɗa ba ne, bashi ne ya ci rabin shagon. Ni dai na lura da yamma tare suka kulle, tare suka tafi gida, har tana riƙe masa hula yana gyara takalmi. Masu shirin rabuwa ba sa haka.

Washegari na tsallaka da zanena wai a yi mini kalmasa, ko da yake lafiyarsa ƙalau. Tela ɗan ƙanina ne, ba ya iya riƙe magana a gabana. Ya rage murya ya ce dabara ce ta surukinsa, yayan matar, wanda ke aikin akawu. Wai idan cinikin shago ya yi kauri, harajinsa ma kauri yake yi, amma in aka raba shi ƙanana biyu, kowanne da mai shi, abin da za a yanka musu ba zai taka kara ya karya ba. Sharaɗi ɗaya akawun ya kafa: kada aljihu ya haɗu. Kowa da rajistarsa, kowa da asusunsa, ko allura ce ta tsallaka falanki a biya.

"Na ɗan lokaci ne, Gwaggo," in ji shi. "Masu haraji na wucewa zan ɓalle shi."

Matar tana jin mu ta bayan falanki. Almakashinta ya tsaya.

Yarinyar nan tun tana amarya take tsaye a shagon, ita ce awo, ita ce guga, ita ce ba wa masu kaya haƙuri, kuma ko kuɗin sabulu sai ta roƙa. Yanzu ga ta da makullinta a bakin zane. Ba a jima ba telolin wasu layuka suka fara zuwa sayen zare wurinta, don ta san launi, ba ta kuma haɗa mutum da ruɓaɓɓe. Ta ƙaro leshi, ta sa wa kantar kayanta gilashi. Shi kuwa Tela duk sanda ya miƙa hannu ta saman falanki ya ce a ba shi baƙin zare, sai ta faɗi kuɗinsa. Da farko dariya yake yi. Daga baya ya daina.

Zargi ya shige shi. Ya riƙa zuwa wurina yana tambaya ko na ga akawun ya zo ba ya nan, ko na ji abin da suke ƙus-ƙus da ƙanwarsa. Ya ce shi fa ya fara ganin ba don haraji aka kafa katakon nan ba, gadar zare aka shirya masa. Na ce ni idona ba ya gani sosai. Ya tafi ya huda falankin da ƙusa daidai inda take ajiye ciniki, ita kuma ta rataye kalanda a kan hudar. Ya ce mata gobe zai kira kafinta, ta ce to, Allah ya kai mu, amma ya tuna masu haraji ba su zo ba tukuna.

Suka zo kuwa, ana tsakar rana, mace da namiji. Macen ce babba, mai tabarau, irin waɗanda ba sa gaisuwa mai tsawo. Kafin su ƙaraso, mai kemis ya sauke rabin kayan kantarsa, mai wanki ya tura injinsa bayan labule. Ni na jawo kujerata gaba.

Mai tabarau ta duba ɓangaren Tela, ta duba na matar, ta ƙwanƙwasa falankin da biro. Ta ce ta sha ganin irin wannan katako, yawanci mutum ɗaya ne ke cin gaba da baya. In shago ɗaya ne aka yi wa kwaskwarima, za a haɗa cinikin a yi masa kuɗi ɗaya, da tara a kai. Sannan ta dubi Tela, layi ya cika da 'yan kallo.

"Malam, wancan ɓangaren na wa ne?"

Tela ya dubi leshin, ya dubi gilashin, ya share gumi da tsumman guga.

"Nata ne."

"Jarin fa, da ribar?"

"Duk nata ne. Ko zare saya nake yi."

Mai wanki ya leƙo ya ce shi shaida ne, jiya ma an hana Tela bashin maɓalli. Aka yi dariya, har mai tabarau ta murmusa. Ta sa Tela ya sa hannu, ta yanka wa kowa nasa, suka wuce kemis.

Da suka yi nisa Tela ya tashi ya dafa falankin, ya ce to, an wuce wurin, a kira kafinta. Matar tana naɗe yadi, ba ta ɗago ba.

"Maigida, a gaban hukuma ka faɗa, ga su Gwaggo sun ji. Kana so a ce ka yi ƙarya?"

Ya juyo ya dube ni, ko zan taimake shi. Na ce ni kunnena ƙalau yake, na ji.

Kafinta ya zo bayan kwana biyu, amma ita ta kira shi. Ya ƙara wa ɓangarenta kanta har sama, ya kuma gyara wa Tela ƙafar teburinsa da ta daɗe tana rawa. Ita ta biya duka. Tela ya zauna yana kallon teburin, ya girgiza shi ya ji bai motsa ba, ya ja tsaki, ya ci gaba da ɗinki.