Yaren da Inna Drahuše Ta Koma

Ni ba 'yar Cek ba ce, ban kuma taɓa cewa ni ce ba. Na dai yi ƙuruciyata a wata masaƙa a Liberec ta ƙasar Cek, zamanin da ake tura mu aiki can, na dawo garinmu Hải Phòng da ciwon baya da yaren mutanen a bakina. Yaren bai tsinana mini komai ba, sai da Inna Drahuše ta tsufa.

Maƙwabciyata ce. Tana budurwa ta biyo wani injiniyanmu da ya je karatu ƙasarsu, ta zauna a lungunmu har ta binne shi. Yarenmu kuwa ta iya shi kamar me, masu kifi a kasuwa tsoron cinikinta suke yi. Sai tsufa ya soma yi mata sata. Ya fara da sunayen jikoki, ya bi da hanyar kasuwa, daga ƙarshe ya kwashe yarenmu kakaf, ya bar mata na gidan ubanta. Ɗanta kuma, Khiêm, ko gaisuwa bai iya ba a yaren Cek.

Ƙato ne mai furfura, ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, dogon hancin uwar a fuskarsa. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta faten shinkafa a baki. Ita kuma ta ɗauke shi wani bawan Allah da ake biya ya kula da ita, har godiya take masa cikin ladabi. Wannan godiyar ce ke cin ransa. Abu ɗaya yake so a duniya: uwarsa ta san shi kafin ta tafi.

Wata safiya ya shigo mini ina yankan ganye.

"Yaya Nhàn, koya mini yaren nan."

"Kai? Da wannan furfurar? Ai harshenka ya bushe kamar bandar kifi."

"Ki jiƙa shi."

Na jiƙa kuwa, na sha wahala. Bakin Khiêm ba a yi shi don yaren da ke jera baƙaƙe kamar buhuna ba. In ya buɗe baki sai in ce masa agwagwa ta shaƙe. Bai taɓa fushi ba. Kan babur yana maimaitawa, wajen wanke kwanuka yana maimaitawa, har matarsa ta ce ta auri rediyo. Amma ya ƙi gwadawa gaban uwar.

"Sai ya nuna," in ji shi. "Ba na so ta yi mini dariya."

Ana cikin haka, da damina, wata yarinya Radka ta zo daga wata jami'a a Brno, can ƙasar Cek. Aikinta ƙirga 'yan Cek da ke zaune a ƙasashen waje. Ta iso jiƙe sharkaf, na ba ta tawul, Khiêm ya zuba mata shayi a ƙarƙashin hoton ubansa, inda turare ke ci. Ni ce tafinta.

Na tambaye ta yadda ake gane ɗan Cek, tunda ba tambari ake buga musu ba.

Ta yi murmushin gajiya. "Goggo, a kan wannan manyanmu ke ta faɗa. Wasu sun ce jini. Wasu sun ce yare. Wasu sun ce duk wanda ya ce shi ne, to shi ne."

"To gidan nan kin shiga uku," na ce. "Ga mai jini ba yare, ga ni mai yare ba jini, ga mai duka biyun can ciki, ba ta san shekarar da muke ciki ba."

Ta juya ga Khiêm ta tambaye shi ko yana ɗaukar kansa ɗan Cek. Na fassara. Ya daɗe yana juya kofin shayi.

"Muna yara, a makaranta ɗan baturiya suke ce mini. Da na je can sau ɗaya, a tashar jirgi aka yi mini magana da hannu kamar kurma. Ki tambayi tsohuwa. Abin da ta ce ni ne, shi ne."

Muka shiga ɗakin. Inna na kishingiɗe jikin taga, ta zama 'yar mitsitsiya cikin bargo. Da Radka ta gaishe ta, sai fuskar nan ta waye. Ni yarena na masaƙa ne, na tsawa da neman zare. Na yarinyar kuwa na gida ne, mai ɗumi. Inna ta riƙe hannunta tana tambayar ko an fara tsinkar 'ya'yan itace a garinsu, tana ba ta labarin wainar dankalin kakarta. Rabon da in ji ta yi doguwar magana haka har na manta.

"Kina da 'ya'ya, Kaka?" Radka ta tambaya.

"Ɗaya. Namiji. Yana makaranta, yanzu zai dawo."

Na ga Khiêm ya goge tafin hannunsa a wando. Na gane ya yanke shawara. Ya durƙusa gaban gadon, ya haɗa hannuwa kamar mai gaida magabata, ya faɗa da yaren Cek, a hankali, kalma bayan kalma:

"Mama, ni ne. Ni ne ɗanki. Na dawo."

Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ni da na koya masa, sai da tsigar jikina ta tashi.

Inna ta dube shi da kyau. Ta miƙa hannu ta shafa furfurarsa, cikin tausayi, yadda ake lallashin baƙon da ya ɓata hanya.

"Kana da kirki, malam, kuma bakinka ya iya. Amma ba kai ba ne. Ɗana ba ya jin yaren nan." Ta juya ga Radka, ta rage murya. "Ni na hana shi. Kullum sai ya dawo da kuka, yara sun jefe shi. Na ce tunda ba zan iya canza masa hanci ba, bari in bar masa baki irin na kowa. Ko waƙar reno ban yi masa da yarenmu na Cek ba. Ina so, amma ban yi ba."

Ruwan sama na ta dukan kwanon rufi. Radka ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina ta laluben abin da zan ce masa, don aikina ne in fassara.

Khiêm ya gwada da yarenmu: "Uwa, Khiêm ne." Ta yi masa murmushin wanda bai ji komai ba, ta ja bargonta.

Na taɓa kafaɗarsa. "Ƙanena, cewa ta yi..."

"Bar shi, Yaya," ya ce, bai ɗago ba. "Na ji. Duka na ji."

Wannan ce doguwar magana ta farko da yaren Cek da ya fahimta daga bakin uwarsa ba tare da ni ba. Ya tashi, ya gyara mata matashi, ya ɗauko kwanon faten da ya huce. Ta buɗe baki ta karɓa, ta ce masa ta gode.