Gawar da Sufana Ya Kawo

Shekara tara Sufana da Kawu suna fita aiki a mota ɗaya, farar motar kamfanin gyaran janareto mai lamba huɗu a jikin ƙofa. Kawu ke tuƙi. Sufana na gefe, ƙafa a kan akwatin kayan aiki, baki kuwa ba hutu tun daga ƙofar kamfani har gidan mai kira. Sun saba har ta kai idan Kawu ya miƙo hannu daga ƙarƙashin inji, Sufana ya san lambar sufanar da yake nema ba sai ya faɗa ba. Daga nan ma sunan ya samo asali.

Sai wata safiya aka manna takarda a allon ofis: Sufana ya koma mota ta bakwai shi kaɗai, Kawu kuma an haɗa shi da wani sabon ɗauka. Mutum ne magidanci, marar yawan magana, ya zo daga wani kamfanin da ya rufe. Sufana ya raɗa masa Baƙo, kuma wata bakwai ke nan bai yarda sunan ya tsufa ba.

Rabuwar ta yi masa ciwo, amma abin da ya fi ci masa rai makullin mota ne. Kawu, wanda ko matsar da mota cikin inuwa bai taɓa bari Sufana ya yi ba, sai ga shi ya damƙa wa Baƙo makulli, shi ya koma kujerar gefe. Kullum da safe Sufana na kallonsu suna fita, kawunansu a haɗe kan takardar aiki, Baƙo na karanta wa Kawu a hankali kamar mai raɗa. Kishi ne, ba wani abu ba. Shi dai so yake ya koma kujerarsa, a mayar da Baƙo inda aka samo shi.

Ma'aikatan suna da wani zama duk Alhamis bayan tashi daga aiki. Ƙarfe biyar suke wanke hannu, su zagaya bayan shagon gyara inda aka kifa tsohon durom ɗin mai, a jawo benci biyu, a dafa shayi. Duk wanda ya ciro mataccen kayan inji a makon, sai ya ɗora shi kan durom. Gawa suke ce masa. Mai Batir, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin, shi ne alƙali: tsufa ne ya kashe ta, ko gangancin mai gida, ko hannun makaniki? In hannun makaniki ne, a yi masa tsiya son rai, ya wanke kofuna mako guda, maganar ta mutu a nan. Ba ta shiga ofis.

A wannan zama Sufana ne gwani. Ba wanda bai taɓa kwaikwayo ba, ba kuskuren da bai taɓa yi wa gishiri ba. Da can Kawu ne ke fara dariya kafin kowa. Yanzu yana ƙarshen benci, Baƙo na zuba masa shayi yana ɗora masa kofin a hannu, sai ka ce wata amaryar da aka kawo jiya.

Ranar Laraba aka tura Sufana wani gidan burodi da janaretonsu ya ƙi tashi. Yana buɗe akwatin wuta ƙauri ya dake shi. Allon sarrafawa ya ƙone ƙurmus. Ya zaro fiyus ɗin da ya kamata ya kare allon, ya duba ƙananan lambobin da ke kan hularsa: ashirin, a gurbin da ake sa biyu. Sai ya kalli bayan ƙofar akwatin, inda kowane makaniki ke rubuta kwanan wata da alamarsa da alƙalamin maka in ya gama aiki. Layin ƙarshe na makon jiya ne, kuma alamar Baƙo ce.

Abin nema ya samu. Ya naɗe allon da fiyus a tsumma, ya ajiye ƙarƙashin kujera. A takardar aiki ya rubuta kawai cewa allo ya ƙone. Sauran bayanin ya tanadar wa durom.

Alhamis ta zo da abin da bai shirya ba. Motar manaja na wurin gyara, yana jiran a zo a ɗauke shi, sai ya zagayo ya zauna a bakin benci, aka miƙa masa kofi. Duk mai hankali ya san ranar da manaja ke zaune ba a fito da gawar hannun makaniki. Sufana ma ya sani. Amma ya waiga ya ga Baƙo ya sunkuya yana faɗa wa Kawu wani abu a kunne, Kawu na murmushi, sai zuciya ta ɗebe shi. Ya kwance tsumma ya dire allon.

"Alƙali, ga gawa. Wannan ba tsufa ba ne, kisan gilla ne."

Mai Batir ya saci kallon manaja, ya ce, "Bar ta sai wani makon, shayi na hucewa."

"Ai gawa ba ta jira," in ji Sufana. Ya ɗaga fiyus ɗin sama. "Jama'a, wurin biyu aka sa ashirin. Mutum ya zo mana da takardu rimi-rimi, ashe ƙirga bai wuce masa yatsun hannu ba. Baƙo, a can inda ka fito haka ake yi, shi ya sa suka rufe?"

Mutum biyu suka fara dariya suka haɗiye. Manaja ya ajiye kofi, ya karɓi allon ya juya shi.

"Na gidan burodi ne? Aikin wa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Baƙo. Ko kallon Sufana bai yi ba.

"Har yanzu kana cikin watannin gwaji, ka sani ko? Gobe ka same ni a ofis kafin ka taɓa makulli."

Daɗi ya ratsa Sufana har yatsun ƙafa. Ya kalli Kawu, yana jiran ya ga alamar mutum ya gane wanda ya kamata ya riƙe.

Kawu ya miƙo hannu. "Ba ni fiyus ɗin."

Sufana ya sa masa a tafin hannu. Kawu ya kawo shi kusa da fuska, ya janye shi nesa, ya karkata kai yana kallonsa ta gefen ido. Sannan ya mayar masa.

"Ni ban ga komai a jikinsa ba, ranka ya daɗe. Ko biyu, ko ashirin. Ni na sa shi. Wannan bawan Allah yana ƙarƙashin inji yana juye mai, na ji nauyin in sake kiransa karo na biyar ya karanta min, na laluba na ɗauka. Alama kuwa kullum shi ke rubutawa, don ba na ganin layin."

"Kawu, ka bari," in ji Baƙo a hankali.

"Ba zan bari ba, kana da yara huɗu." Ya juya wurin manaja. "Kusan shekara ke nan tsakiyar idona na dushewa. Likita ya ce ba matsalar gilashi ba ce. Ni na roƙa a canja min abokin aiki, na ce maka bayana ne ke ciwo ina son mai tuƙi. Saura wata biyar in cika shekarun ritaya, na so in lallaɓa in kai."

Manaja ya daɗe yana shafa goshi. Ba mugu ba ne, amma ya ji da kunnensa a gaban mutum goma. Ya ce ba zai iya sake tura Kawu kan wuta ba, ya zo gobe su zauna su ga abin da za a yi. Aka yi masa hon a waje, ya tashi ya tafi.

Ɗaya bayan ɗaya mutane suka tuna suna da uzuri a gida. Sufana na tsaye da fiyus a hannu. Ya matsa kusa da benci.

"Kawu, shekara tara fa. Ni ba zan iya karanta maka lamba ba? Ni ba zan iya tuƙi ba? Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Kawu bai ɗaga murya ba, kuma babu fushi a cikinta.

"Na so in faɗa maka, ɗan'uwa. Sau uku ina buɗe baki a mota. Amma kai abin da ka ji ranar Litinin, Alhamis yana kan durom."

Ya dafa benci ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. Baƙo ya ɗauko masa jakarsa, suka nufi ƙofa, yana ɗan gaba da shi taki ɗaya.