Hantar da Baba Bai Sayar Ba

Baba mahauci ne, taurin kansa kuwa sai wanda ya gani. Da hoton asibiti ya nuna wani ƙullutu a hantarsa, sai ya dawo gida ya wasa wuƙaƙensa ya miƙa wa Yaya. Wai ciwon dajin da ya kashe wansa ne ya zo kansa, kada a wahalar da shi.

Na ce, "Baba, likita ta ce sai an gwada jini tukuna."

"Ke, ni za a koya wa hanta? Tun ba a haife ki ba nake juya ta."

Haushi ya kama ni, ga tsoro fal cikina. Na zauna a ƙofar ɗakinsa na ce ba zan ci ba, ba zan sha ba, sai ya tashi mun koma asibiti. Ya tashi yana mita.

A ɗakin gwaji aka ɗaure masa dantse. Mutumin da ya yanka raguna ba adadi, wai shi ne ya rufe ido gam saboda allura! Sai da na juya baya na yi dariyata.

Ranar da sakamako ya fito, likita ta ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka. Jininka ya nuna jikinka na yaƙi da wata ƙaramar tsutsa. Ita ta yi ƙullutun nan, ruwa ne a ciki. Akwai magani, ƙila a haɗa da aikin tiyata. Kuna da kare a gida?"

"Akwai, shi ne mai gadinmu."

"Me yake ci?"

Baba ya gyara zama, an zo fagensa. "Duk hantar da na ga tana da ƙuraje masu ruwa, ba na sayar wa ɗan Adam. Kare nake kawo wa."

Likita ta yi masa bayani a hankali: daga irin wannan hanta tsutsar ke shiga cikin kare, ƙwayayenta su fito a kashinsa, su manne a gashi, a hannu, a kwano, har mutum ya haɗiye su.

Ni murna nake, Baba ba zai mutu ba. Shi kuwa tafin hannunsa yake kallo.

"Ban taɓa cutar mai saye ba," in ji shi. "Ashe gida nake kawo ta."

Ya kamo hannuna ya naɗe min hannun riga da kansa.

"Likita, a gwada kowa a gidana, a fara da wannan."