Askin Gida

Ranar wata Talata matata ta rasu. Ita ke yi mini aski tun da muka yi aure, a bakin ƙofar ɗaki, da tsohon zaninta ɗaure a wuyana. Ban taɓa shiga shagon aski ba.

Na kulle gida na koma wa littattafaina. Masana sun cika takardu da zancen haƙuri, da alama dukansu matansu na raye suka rubuta. Gashin kai kuwa bai san makoki ba.

Rannan 'yata ta zo, ta dube ni ta riƙe baki.

"Baba, ko ka fita a rage maka wannan dajin, ko ka tattara ka dawo gidana. Na gaji da ganinka haka."

Gidanta akwai talabijin da ba a kashewa, ga miji mai ra'ayi a kan komai. Na saka takalmi.

Shagon yana bakin layinmu. Ina ɗaga labule, wani tsohon direba da ke kan benci ya tafa hannu.

"Jama'a, yau ga Gangare da kansa!"

"Wane ne Gangare?" na ce.

Mai askin ya zaunar da ni yana danne dariya. "Kai ne, Baba. Shekara da shekaru ƙeyarka na wucewa ta nan, dama a sama, hagu a ƙasa. Har gardama muke ko a tsaye ake maka ko a guje."

"Mota ma in aka aje a wurin sai an sa mata dutse," in ji direban.

Na buɗe baki in wanke su tas, sai dariya ta riga ni fitowa. Na yi ta har da hawaye, ba wanda ya ce in yi haƙuri.

"To a daidaita, Baba?"

"Karkata shi hagu. Kuma kada ka nuna gwaninta."

Yanzu kullum da safe ina kan bencin nan, ina karanta musu jarida, suna musu da ni a kan abin da ba su sani ba. 'Yata ta bar zancen tashi.

Duk sanda marigayiya ta gama mini aski, takan hure mini wuya ta ce, "Ya yi?" In ce, "Ba laifi," idona na kan littafi. Ban samu na gaya mata ba cewa ina da madubi, na san ba ta iya ba, hannunta a kaina nake zaman jira.