Ɗakin Katakon da Aka Shafe da Siminti

A saman benen gidan marigayi Mukhtaru da ke unguwar Utaibiyya a Makka akwai wani ɗaki na katako, a nan ƙanwarsa Baraka take zaune tun rasuwar mijinta. Mukhtaru kafinta ne, irin waɗanda suka iya tagogin katako na tsofaffin gidajen Makka, shi ya kafa mata ɗakin da hannunsa don kada ta zauna a ƙarƙashin ikon kowa. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Ɗakin nan shi ne duk abin da take nunawa ta ce nata.

Sai Hadi, ɗan Mukhtaru, ya tashi da kwaɗayin saukar da alhazai. Baraka ta san shi tun yana cikin tsumma, kuma ba ta taɓa ganin ranar da ya yi abu ta hanyar da ake yi ba. Mutum ne mai farar jallabiya da yawan turare, magana a bakinsa kamar ya gina rabin garin, amma ko ƙusa bai iya bugawa ba. Ya je neman takardar izini, aka ce masa sai an zo an duba gidan, kuma ɗakin katako a sama ba zai wuce ba, sai dai injiniya ya auna ƙarfinsa, a yi masa maganin gobara, ko kuwa a rushe shi.

"Ammati, mafi mushkila," in ji Hadi, wato gwaggo ba matsala, yana kaɗa makullin mota. "Wane injiniya? Mutanen nan ido kawai gare su. Abin da suka gani shi suke rubutawa."

"To me za su gani?"

"Siminti."

Ya kawo masu shafe, suka lulluɓe katakon da raga, suka yaɓe shi ciki da waje, har rufin, suka bi da farin fenti. Baraka tana zaune a kan darduma tana kallon yadda ake binne aikin yayanta. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta hana ba, don ita ma ba ta so a rushe. Ba ta yaudari kanta ba, ta san ta shiga ƙaryar tsundum.

Mai duba gini ya zo, saurayi ne mai tsabta da naʼura a hannu. Ya hau sama yana haki, ya tsaya a inuwa, ya ɗauki hoton ɗakin daga nesa. Ko ƙwanƙwasa bangon bai yi ba. Baraka ta bi shi da harara. A ce wannan ne hukuma ta turo, wanda farin fenti ya ishe shi shaida! Abu ɗaya ya ce a gyara: tankin ruwan gidan ya yi kaɗan ga alhazai, a ƙaro babba, zai dawo ya gani.

Hadi ya kwana biyu yana yi wa abokansa labarin yadda ya yi wa hukuma wayo. Ya yi ta maimaita cewa ɗakin siminti ne, har ya zama kamar shi ma ya yarda.

Ranar da aka kawo tankin, Sabitu, wani ɗan Nijar mai aikin famfo, ya duba saman benen ya ce babu inda ya dace kamar kan rufin ɗakin, don ruwa ya sauko da ƙarfi. Ya tambaya ko rufin zuba ne. Daidai lokacin mai duba ginin ya ƙaraso, yana tsaye a bakin matakala.

"Zuba ne mana," in ji Hadi, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ku ɗora."

Suka ɗora. Fanko ne, ba nauyi, ya zauna daram. Sabitu ya haɗa bututu ya leƙa ƙasa ya ce wa mai motar ruwa ya saki.

Baraka ta jawo Hadi gefe. "Kai, kana da hankali kuwa? Ruwa za a cika a kan katako?"

"Ammati, usukuti, yi shiru, Allah ya bar ki. Rabi kawai za a zuba. Yana tafiya mu sauke."

"A ƙarƙashinsa nake kwana."

"Khalas, shi ke nan, na ce za mu sauke."

Ta san wannan "za mu" ɗin. Da shi ya gyara matakalar da ta karye tun bara. Ruwa ya fara kwarara cikin tankin, Sabitu yana tsaye a kan rufin riƙe da bututu. Sai ta ji ƙarar, wata ʼyar ƙara siririya daga cikin bango, wadda duk wurin ita kaɗai ta san muryarta. Ta dubi Sabitu, bawan Allah da ya bar iyalinsa ya zo neman halali, ta dubi ɗan yayanta yana yi wa baƙo murmushi. 

Ta shiga ɗaki ta fito da taɓaryar da take daka yaji. Ta ɗaga ta narka wa bangon. Shafen ya tsage. Ta ƙara, ya zubo ƙasa, ga katakon Mukhtaru ja wur a bayan raga.

"Sauko, ɗan nan!" ta ce wa Sabitu. Sannan ta juya ga mai duba ginin, ta yi masa Larabci. "Zo ka taɓa, ya waladi, ɗana. Hannunka ba zai karye ba."

Ya zo ya taɓa. Ya daɗe yana rubutu, bai dubi kowa ba.

Kafin sati ya zagayo an rushe ɗakin. Masu rushewar sun sha wuya, don ko sanda ɗaya cikin katakon ba ta ruɓe ba. Hadi ya biya tara, ya sami izininsa daga baya, ya kuma bi dangi gida-gida yana cewa tsufa ya taɓa gwaggonsa. Aka kai ta unguwar Kaʼakiyya wurin wata ʼyar ɗan uwa, aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin yara.

Da ta koma ɗaukar sauran kayanta, ta lallaɓa ta hau sama. Tankin yana nan cike, an girke shi a ƙasa, daidai inda gadonta yake da.