Birkin Motar Burodi

Tun da na bar makaranta ban sake buɗe littafin labari ba, sai da Dogo, babban ɗana, ya fara yawo da wani a aljihun rigar aikinsa. Bakanike ne, hannunsa ba ya rabo da baƙin mai.

Muna cin abincin rana mahaifiyarsa ta tambaye shi abin da ke ciki.

"Wani mutum ne, Umma. Duk wanda ya cuci mutane aka sake shi, sai ya bi shi ya gama da shi. Ɗan sanda kuma yana farautarsa."

"Allah Ya sa ya kama shi," in ji ta.

"Kayya, Umma. Ni a wurina mutumin nan yana da gaskiya."

Ya faɗi haka yana kallon Auta, ƙanwarsa, da ke zaune ta miƙe ƙafa, sandunanta a jingine da bango. Motar kai burodi ce ta buge ta a hanyar makaranta. Direban ya ce birki ne ya ƙi, aka ɗan tsare shi, aka sake shi. Kullum da safe yana bi ta layinmu yana danna ham kamar ba abin da ya faru.

Na tsame hannuna daga kwano. Na ce ya ara mini littafin.

"Baba da littafi? Umma, yau za a yi ruwa!"

Ni tela ne, karatuna da yatsa nake binsa, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Ba zan yi ƙarya ba, littafin yana riƙe mutum, har na kusa ƙona rigar wani da dutsen guga. Amma marubucin ya yi wayo: mai kisan nan ba shi da uwa, ba shi da uba, ba mai jiransa a gida, shi ya sa komai yake zo masa da sauƙi. Sai na iso inda ya sassauta notin birkin motar wani mutum, man birki ya riƙa ɗiga a hankali, motar ta ƙwace a gangare. Duk littafin ba shafin da ya kai wannan baƙi da yatsun Dogo.

Na ce wa kaina ai sana'arsa ce, dole wurin ya ja hankalinsa. Zuciyata ba ta karɓa ba.

Wata rana na bi ta garejinsu, sai ga motar burodin a kan jak. Ƙafafu biyu dogaye sun leƙo daga ƙarƙashinta. Ko a cikin dubu na san takalman nan.

Direban yana zaune kan tsohuwar taya. Da ya gane ni ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Me ya same ta?" na tambaya.

Ya ce, "Birki ne, Baba. An ma gama."

Dogo ya fito yana goge hannu, ya sauke jak. Ganina ya sa ya tsaya cak.

"Ina ka nufa daga nan?" na ce wa direban.

"Kasuwar ƙasan tudu."

"Madalla, can zan sayi zare. Rage mini hanya."

Na buɗe ƙofa na shige na zauna.

Dogo ya zagayo ta tagata. "Baba, sauko, zan kai ka a babur."

"Bayana ba ya son babur."

"Zaren ma akwai shi a bakin titi."

"Ba kalar da nake so ba. Ba kai ka yi gyaran ba? Ai na yarda da aikinka."

Ya zuba mini ido, ni ma ban ɗauke nawa ba. Direban ya tayar da mota.

"Kashe ta," in ji Dogo.

Ya ɗauki sifana ya koma ƙarƙashi. Ina zaune ina jin ƙarar ƙarfe a ƙasan ƙafafuna, ana juya noti, ana ƙara juyawa. Ya fito ya ƙara man birki, ya sa direban ya taka ya sake, ya taka ya sake.

"Yaron nan naka akwai tsantseni," in ji direban.

Muka sauka gangaren lafiya. Na dawo da zaren da ba ni da buƙatarsa.

Da yamma Dogo ya shigo shago ya zauna kan benci, yana wasa da almakashi.

"Ka gama littafin, Baba?"

"Saura kaɗan. Mutumin naka dai ba shi da uba."

Ya ajiye almakashin. Ni kuwa ban tambaye shi wane noti ya ɗaure ba. Littafin yana cikin aljihun keken ɗinkina, ban mayar masa ba, bai kuma nema ba. Amma yanzu kullum da safe ba na iya sa ƙafa a keke sai na ji ham ɗin motar burodi ya wuce ta layinmu.